Piza Yanka-Yanka a Birnin Tokiyo: Tarihin Baƙon da Ya Makara

A shekarar 2013 aka buɗe wani ɗan shago mai suna Pizza Slice a tsakanin unguwar Shibuya da ta Daikanyama, cikin birnin Tokiyo na ƙasar Japan. Abin da ake sayarwa a ciki bai taka kara ya karya ba. Piza ce irin ta birnin Niyu Yok, wato kwaɓaɓɓiyar fulawa da aka shimfiɗa ta yi faɗin babban faifai, aka shafe ta da miyar tumatir, aka barbaɗa mata cuku, aka gasa, sa'an nan aka yanka ta gida 8. Mai saye zai nuna yankan da yake so ta cikin gilashi, a mayar da shi tanderu ya ɗumama, a miƙo masa a kan farantin takarda. Ba shi ne shago na farko da ya gwada wannan ciniki a Tokiyo ba, amma daga wajen wannan lokaci ne irinsa suka soma yawaita, har samarin birnin suka riƙa yi musu layi.

Abin da ya ja hankalinmu a nan shi ne shekarar. A lokacin da aka buɗe wannan shago, piza ta kusa shekara 60 a Tokiyo, kuma wanda ya fara yi mata suna a birnin mutumin Niyu Yok ne, haifaffen unguwar da take tinƙahon ita ce ta fara sayar da piza yanka-yanka. To, me ya hana yankan ya biyo shi tun a wancan zamani? Ruwa dai ba ya tsami banza. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan jinkiri ne.

Asalin piza, kamar yadda aka sani, birnin Napoli ne na kudancin Italiya, inda ta kasance abincin talakawa a ƙarni na 18 da na 19: 'yan dako da masunta da masu kwana a bakin titi. Tumatirin da ake shafa mata ma baƙo ne a Turai, daga nahiyar Amurka aka kawo shi a ƙarni na 16. Tsakanin 1880 da 1924, Italiyawa fiye da miliyan 4 suka yi ƙaura zuwa Amurka, akasarinsu 'yan kudu da talauci ya koro, suka tafi da abincinsu. An daɗe ana cewa gidan Lombardi da ke Niyu Yok, wanda ake danganta farkonsa da 1905, shi ne gidan piza na farko a Amurka, ko da yake binciken da aka yi a 'yan shekarun nan ya nuna akwai waɗanda suka riga shi. Abin lura shi ne, waɗannan gidaje na farko da tanderun kwal suke gashi, mai tsananin zafi, kuma pizar da ta fito daga irin wannan wuta ba ta jure jira. Da ta huce sai ta ƙandare. Saboda haka gaba ɗayanta ake saye, a ci nan take.

Tanderun gas ne ya haifi yanka. Daga shekarun 1930 zuwa na 1940 aka soma ƙera shi don masu wannan sana'a, kuma da yake wutarsa ba ta kai ta kwal zafi ba, pizar takan daɗe a ciki, ta gasu a hankali, ta yadda za a iya ajiye ta a kanta a riƙa ɗumama yanka ɗaya-ɗaya har yamma. Gidan Patsy da aka buɗe a unguwar Harlem ta Gabas a 1933 yana cikin masu da'awar su suka fara wannan ciniki. Ko ma wane ne ya fara, bayan Yaƙin Duniya na Biyu yankan piza ya zama abincin ma'aikacin Niyu Yok: ya saya ta taga, ya ninke shi biyu a hannu ɗaya don kada mai ya zubo masa a riga, ya ci yana tafiya. A farkon shekarun 1960 kuɗin shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin santi 15 ne, yanka ɗaya ma wajen haka, kuma mutanen birnin sun daɗe suna lura da cewa farashin waɗannan abubuwa biyu tare suke hawa. Wannan ya isa ya nuna mana matsayin yanka a garinsu. Abin masarufi ne, kamar kuɗin mota.

Japan kuwa, a ƙa'ida, ita ce ƙasar da ba za a zaci piza za ta samu gindin zama ba. Shinkafa ce uwar abinci, kifi da waken suya su ne mahaɗi. Tun a shekarar 675 Sarki Tenmu ya kafa dokar hana cin naman shanu da dawakai da wasu dabbobi a watannin noma, kuma ƙyamar nama ta zauna cikin al'ada har zuwa 1872, lokacin da aka shelanta cewa Sarki Meiji ya ci naman sa, don jama'a su gane zamani ya juya. Nono da man shanu da cuku ma haka. Har yau akwai kalma a harshen Japananci da ake siffanta duk abin da Turanci ya yi masa yawa, ma'anarta kuwa "mai ƙaurin man shanu".

Yunwa ce ta buɗe wa alkama ƙofa. Ranar 10 ga Maris 1945 jiragen Amurka suka ƙone gabashin Tokiyo, mutum wajen 100,000 suka hallaka a dare ɗaya. A watan Agusta Japan ta ajiye makamai, sojojin Amurka suka mamaye ta har 1952. Daminar 1945 ba ta yi kyau ba, ga miliyoyin sojoji da fararen hula suna dawowa gida daga ƙasashen da Japan ta mamaye a da. A watan Mayu 1946 jama'a suka yi dandazo a gaban fadar Sarki suna neman shinkafa. Abin da Amurka take da shi a rumbu kuwa alkama ce da garin madara. A ƙarshen 1946 aka dawo da ciyar da yara a makarantun Tokiyo da kewaye da kayan agaji, ba da jimawa ba burodi da madara suka zama abincin rana na ɗan firamare, dokar 1954 ta tabbatar da tsarin, kuma sai a 1976 aka shigar da shinkafa cikinsa a hukumance. A shekarar 1954 ɗin dai Amurka ta yi dokar sayar wa ƙasashen waje rarar amfanin gonarta bisa sauƙi, daga 1956 kuma motoci masu ɗauke da murhu da tukwane suka riƙa zagaya ƙauyukan Japan suna koya wa matan aure girkin fulawa, da tallafin manoman alkama na Amurka. Mu da muka tashi muka tarar da shayi da burodi sun zama karin kumallo a ƙasar da ba ta noma alkamar da za ta ishe ta, ba ma buƙatar dogon bayani a kan yadda irin wannan ke faruwa. Alƙaluman Japan dai sun nuna sakamakon: a 1962 mutum ɗaya yana cin shinkafa wajen kilo 118 a shekara, bayan shekara 60 abin ya sauko zuwa wajen kilo 51.

A cikin wannan hargitsi ne piza ta sauka. Akwai Italiyawa sojan ruwa da Japan ta tsare bayan ƙasarsu ta fita daga yaƙin a 1943, wasunsu ba su koma gida ba, suka buɗe gidajen abinci a yankin Kobe. Ɗaya daga cikinsu, Antonio Cancemi, shi ake yawan ambata a matsayin wanda ya fara gasa piza a Japan. Amma wanda ya sa Tokiyo ta san da ita shi ne Nicola Zappetti, ɗan Italiyawan Harlem ta Gabas, wanda ya shigo Japan a 1945 cikin rundunar Amurka. Ya bar soja ya faɗa kasuwar bayan fage, ya sha ɗauri, sa'an nan a tsakiyar shekarun 1950 ya buɗe gidan Nicola's a wajen Roppongi, unguwar da barikin sojan Amurka ya mayar matattarar dare. Marubucin nan Robert Whiting ya ba da tarihinsa a littafinsa na 1999 mai suna Tokyo Underworld. Gidan ya tara kowa da kowa: hafsoshin Amurka, taurarin fim, 'yan daba, da shahararren ɗan kokawar nan Rikidozan, har da Yarima Akihito mai jiran gado.

A nan ne muke ganin bakin zaren. Zappetti ya san yanka, a unguwar yanka aka haife shi, amma gidan zama ya buɗe, mai tebura da masu hidima, domin waɗanda za su iya sayen cuku a Tokiyo ta wancan lokaci ba 'yan dako ba ne. Cuku kayan waje ne mai tsada, haka ma tanderun. Abincin da ya bar Napoli a hannun matalauta, ya zauna a Niyu Yok a hannun leburori, da ya iso Tokiyo sai ya wayi gari abincin 'yan gayu, wanda saurayi ke tara kuɗi don ya kai budurwarsa ta ɗanɗana. Tsadar ta kai har wani gidan shan kofi a unguwar Yurakucho, mai suna Benisica, ya ƙirƙiro madadinta a 1964: yankan burodi mai kauri, a shafa tumatir, a ɗora cuku, a gasa. Wannan "pizar burodi" ta bazu a gidajen kofi na ƙasar, kuma ita ce ta fara kai ɗanɗanon ga mai ƙaramin ƙarfi. Shi kuwa Zappetti ya karɓi takardar zama ɗan Japan, shari'o'i suka cinye mafi yawan abin da ya tara, ya rasu a 1992.

Zuwa na biyu na manyan kamfanoni ne. A 1973 Shakey's ya buɗe a Akasaka, Pizza Hut ma ya buɗe a Tokiyo a shekarar, dukansu da haɗin gwiwar manyan kamfanonin Japan. Shakey's ya yi suna da tsarin biya sau ɗaya ka ci iya cinka da rana, abin da ɗalibai suka yi wa caa. Lalle a nan yanka-yanka ake ɗiba daga tire, amma a zaune ake ci, cikin taro, kuma ba yankan ake saya ba, ƙoshin ake saya. Sa'an nan a ƙarshen Satumba 1985 Ernest Higa, Ba'amurke ɗan asalin Japan haifaffen Hawai, ya buɗe Domino's na farko a unguwar Ebisu, kwanaki kaɗan bayan yarjejeniyar Plaza wadda ta sa darajar yen ta yi tashin gwauron zabi, daga wajen 240 a kan dala ɗaya zuwa wajen 120 a ƙarshen 1987. Kai abinci gida a Tokiyo ba ƙaramin aiki ba ne, saboda yawancin titunanta ba su da suna, lambar rukunin gidaje ake bi, lunguna kuma mota ba ta shiga. Babur mai ƙafa uku da rumfa ne ya warware matsalar. A 1987 Japanawa suka kafa nasu kamfanin, Pizza-La. Daga nan piza ta sa kayan Japan: masara, mayonis, jatan lande, dankali, kaza mai zaƙin miyar teriyaki, ganyen teku. Mutumin Napoli zai kama baki in ya gani. Farashin babba ɗaya kuwa yakan kai yen 3,000 ko fiye, don haka ta zama abincin ranar haihuwa da na daren Kirsimeti, abin da iyali za su kewaye.

Zuwa na uku ba za mu daɗe a kansa ba, ko da yake shi ya fi jawo wa Tokiyo suna. A shekarun 1990 matasan Japan suka riƙa zuwa Napoli koyon sana'ar daga tushe. Susumu Kakinuma ya buɗe Savoy a Nakameguro a 1995, daga baya ya mayar da shi Seirinkan, inda iri biyu kacal yake gasawa a wutar itace. A 2010 wani ɗan Nagoya, Akinari Makishima, ya ci gasar masu gasa piza a Napoli kanta. Wannan piza ƙarama ce, ɗaya ga mutum ɗaya, a ci da zafinta kan tebur.

Ke nan, har aka shiga ƙarni na 21, an yi wa piza mazauni uku a Tokiyo, babu ko ɗaya a bakin titi. Amsar da aka fi bayarwa ita ce ladabi: wai Japanawa suna ganin rashin tarbiyya ne mutum ya ci abinci yana tafiya. Akwai gaskiya a ciki. Iyaye suna hana yara, kuma a 2019 hukumar birnin Kamakura ta kafa ƙa'idar da ke roƙon masu yawon buɗe ido su daina ci suna tafiya a wuraren cunkoso. Daɗin daɗawa, bayan harin iskar guba da aka kai cikin jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo a Maris 1995, an kwashe kwandunan shara da yawa daga tashoshi da wuraren taruwar jama'a, saboda haka wanda ya fito da faranti mai maiƙo zai daɗe yana yawo da shi.

Sai dai mu wannan amsa ba ta gamsar da mu ba, domin tarihin birnin kansa ya ƙaryata rabinta. Tokiyo, a zamanin da ake kiranta Edo, tana cikin biranen duniya da suka fi iya cin abinci a tsaye. A ƙarni na 18 mutanenta sun kai miliyan 1, maza kuwa sun rinjayi mata ƙwarai: dogaran hakiman da doka ta tilasta wa zaman birnin shekara bayan shekara, da magina da kafintocin da yawan gobara ke jawowa, musamman bayan babbar gobarar 1657. Gwauraye ne marasa mai dafa musu, kuma rumfunan bakin hanya ne suka ciyar da su da taliyar soba, kwano ɗaya a kan mon 16, da soyayyen kifi a tsinke. Sushi ɗin nan da duniya ke ɗauka abincin manya ne, dunƙulen shinkafa da yankan kifi a kai, a wannan birni ya samu siffarsa a shekarun 1820, ana danganta shi da Hanaya Yohei, kuma a lokacin ya ninka na yau girma, da hannu ake ɗauka a ci a tsaye gaban rumfa. Har yanzu akwai shagunan soba a tashoshin jirgi inda ma'aikaci zai tsaya ya shanye kwano cikin 'yan mintoci. Abin da al'adar ta ƙi shi ne tafiya da abinci a baki. Tsayuwa kam ba ta taɓa zama abin kunya ba. Ko tafiyar ma an taɓa karya ta: McDonald's na farko da aka buɗe a Ginza a Yuli 1971 ba shi da kujera ko ɗaya, matasa suka riƙa ci a kan titi, dattawa suna tsaki, ciniki kuwa bai fasa ba.

A ganinmu, abin da ya tare wa yanka hanya shi ne ya zo ya tarar wurinsa da mai shi. Aikin da yake yi a Niyu Yok, wato ƙosar da mai sauri da kuɗi kaɗan, an daɗe da raba shi a Tokiyo. Ga soba, ga shinkafa da naman sa irin ta Yoshinoya, wanda ya faro a kasuwar kifi ta Nihonbashi a 1899 don masu aikin kasuwar. Uwa uba ga ƙananan kantunan nan da ba sa rufewa dare da rana, irin su 7-Eleven da ya fara a unguwar Toyosu a 1974, waɗanda suka haura 50,000 a faɗin ƙasar. A cikinsu ake sayar da onigiri, curin shinkafa mai kusurwa uku, naɗe da ganyen teku, da ɗan kifi ko tsamin 'ya'yan itace a tsakiya. Da hannu ɗaya ake cinsa, ba ya zubar da mai, yana shiga jaka. A 2013 dala ɗaya wajen yen 100 ce, onigiri ɗaya kuma kuɗinsa bai fi haka da yawa ba. A daidai lokacin ne shagunan yankan dala ɗaya suka cika Niyu Yok, kafin tsadar kaya ta 2022 ta tura yawancinsu ƙarin farashi. Wato yankan dala ɗaya na Tokiyo yana nan tuntuni, na shinkafa ne kawai. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi.

To, da yankan ya zo daga baya, me ya zo sayarwa? Niyu Yok ya zo sayarwa. Japanawa sun daɗe da wata irin ƙauna ga Amurka, ta nazari da kwaikwayo har ƙeƙe-da-ƙeƙe. Mujallar Popeye, wadda ta fara fita a 1976 da fitowa ta musamman a kan Kalifoniya, ta tarbiyyantar da samari bi da bi a kan irin takalmin da ake sawa da irin kiɗan da ake ji a can. A garin Kojima an ƙware wajen ɗinka wandon jins irin na Amurka har Amurkawan kansu suna zuwa saye. A Osaka akwai unguwa sukutum mai suna Amerikamura, wato ƙauyen Amurka, wadda ta samu sunan daga shagunan kayan Amurka na shekarun 1970. Daga wannan tsatso masu shagunan yanka suka fito, da yawansu matasan da suka zauna a Niyu Yok suka dawo da begenta. Saboda haka ba a bar komai ba: farin tayil a bango irin na tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, rubutun Turanci a allo, kwalbar barkono da ta garin tafarnuwa a kan kanta, da farantin takarda wanda ya fi yankan ƙanƙanta don bakinsa ya leƙo. Hatta jajayen yankan naman nan da ake jerawa a kai, wanda a bisa al'ada da naman alade ake haɗa shi, ba a sauya shi ba. Masara da mayonis kuwa an kore su daga nan, alhali su ne alamar cewa piza ta zama 'yar gida.

Farashi ne kaɗai ba a iya kwaikwayo ba. A tsakiyar shekarun 2010 yanka ɗaya a irin waɗannan shaguna yana kamawa daga wajen yen 400 zuwa 600, lokacin da kwanon Yoshinoya, mai ƙosarwa, yake yen 380. Leburan da ke gini a Shibuya ba zai yi wannan lissafi sau biyu ba. Masu layin ɗalibai ne, da ma'aikatan shagunan tufafi, da Amurkawa mazauna birnin masu kewar gida, da baƙin da suka gaji da kifi. Wurin da yanka ya fi kusa da matsayinsa na asali a Japan, abin mamaki, shi ne ɗakin cin abinci na manyan kantunan Costco, wanda ya shigo ƙasar a 1999, inda ake samunsa da araha. Amma su ma a bayan gari suke, sai mai katin zama mamba, galibi kuma mai mota.

Akwai kuma abu ɗaya da birnin bai sakar wa baƙon ba. Tun daga Oktoba 2019 harajin saye ya rabu biyu a Japan: wanda ya ci a cikin shago kashi 10 cikin 100, wanda ya fita da abincinsa kashi 8, wato doka da kanta tana rangwanta wa mai fita. Duk da haka mai sayen yanka a Tokiyo zai ninke shi biyu kamar yadda ya gani a fim, ya ɗauki hotonsa, sa'an nan ya nemi kujera, ko ya jingina da kanta, ko ya tsaya a bakin ƙofa. Sai ya cinye ya jefa farantin a kwandon shagon, ya goge hannu, kana ya kama hanyar tasha.